Mutumin da Ke Cikin Jakar Salome

Stapleton, New York
Oktoba

Yaya Elisabet,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya ƙafar nan da ke damunki in kin daɗe a tsaye a aji? Ina maigida Yaya Enoch da yara? In kin leƙa Kagoro ki gaida mini Mama, ki ba ta maganin hawan jinin da na haɗo da wannan takarda.

Mu nan lafiya lau. Nataniyel, baban Bege, yana nan yana fama da tuƙin bas, ciwon bayan ya yi sauƙi. Bege ta fi ni tsawo yanzu. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma sai ta mayar mini da Turanci. Ni kuma ina nan wajen tsohuwar da nake kula da ita a Manhattan. Unguwarmu tsibiri ce, saboda haka kullum sai na tsallake ruwa, jirgi da safe, jirgi da yamma.

Kin san ba na rubuta miki wasiƙa sai in abu ya fi ƙarfin waya. Waya ta gaisuwa ce, kuma ni da ke kullum akwai kunne kusa da mu. Shamima maƙwabciyata, 'yar Kaduna, za ta gida bikin ƙanwarta, shi ya sa na ce bari in ba ta.

Yaya, zumuncinmu a lissafi na nesa ne, kakarki da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya, amma ke kika goye ni, ba ni da wata yaya da ta wuce ki. Akwai abin da nake yi a ɓoye tun sanyin bara, kunya ta hana ni ko kiran sunansa. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, mai koyar da yara a makarantar Lahadi! Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. A ƙarshe na sa miki wani ƙunshi a baƙar leda cikin kayan Shamima. In kin buɗe kin gani da idonki, za ki gane abin da bakina ya kasa faɗa.

Sunansa Kaleb. Aikinsa neman mutanen da suka ɓata a kan duwatsu, irin wuraren da dusar ƙanƙara ke rufe hanya ta rufe gida. In aka ce wani bai dawo ba, ko cokali ne a hannunsa zai ajiye, ya ɗauki igiya da fitila ya fita. Ba shi da yawan magana. Yana da tabo a hannun hagu inda igiya ta taɓa yankarsa. Da shi nake tsallake ruwan nan safe da yamma, har ba na sanin sa'ad da jirgi ya isa. Ran nan sai da ma'aikacin jirgi ya ƙwanƙwasa kujerata ya ce kowa ya sauka. Baban Bege bai sani ba, kuma ba na so ya sani. In ya gani ban san inda zan sa fuskata ba.

Kada ki yi mini dariya. Ki duba, ki faɗa mini gaskiya ko na fara zarewa ne.

Ƙanwarki,
Salome


Kafanchan
Nuwamba

Salome ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa cikin Ubangiji. Muna nan lafiya, ƙafa da sauƙi, Enoch yana gaishe ku. Na kai wa Mama maganinta, ta sa albarka, ta ce a faɗa wa Bege tsawon ya isa haka, ta jira su ga juna tukuna.

Shamima ta ba direban mota saƙonki ya kawo mini makaranta. A ɗakin malamai na karanta, a tsaye na fara, ban gama ba sai da na nemi kujera. Wannan amsa kuwa ba zan jira matafiyi ba. Na ɗauki hotonta na turo miki ta waya, ki karanta ki goge.

Kin ce kada in yi dariya. Salome, ina abin dariya a nan? Abin da kika ce in duba, ba sai na duba ba, ba na ma son ganinsa. Abin da kika rubuta da hannunki ya ishe ni.

Ki rabu da shi. Ban ce gobe ba, yau. Na san Nataniyel ba mai magana ba ne. Tun yana zuwa gidanku neman aure, in ya gama gaisuwa sai ya zauna yana kallon takalminsa har lokacin tafiya ya yi. Amma bai taɓa ɗaga miki hannu ba, bai taɓa kwana a waje ba, ya ɗauke ki ya kai ki inda da yawa suke mafarkin zuwa. Ki tuna Bege tana kallon ƙafarki. Ki tuna yaran da kike tsayawa a gabansu ranar Lahadi. Irin wannan abu da daɗi yake farawa, kuma zunubi ne ko da ba wanda ya gani. In jirgin ruwan ne yake jawo miki, ki nemi wata hanya, ko ki sauya aiki.

Ba zan faɗa wa kowa ba. Na sa kowace Laraba ta zama ranar azumi dominki har sai na ji kin bari.

Yayarki da ke ƙaunarki,
Elisabet


Stapleton
Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sanyi ne kawai ya shigo da ƙarfi. Ki gaida kowa.

Na karanta, na goge kamar yadda kika ce. Kunya ce ta hana ni amsawa da wuri. Na zaci za ki yi mini faɗa kaɗan, daga baya mu yi dariya. Ban san abin ya kai ga azumi ba. Amma kin fi ni sanin Maganar Allah, in kin ce zunubi ne ba zan musa ba.

Na gwada, Yaya. Na yi mako guda ina zama a jirgi hannuna a cinya ina kallon ruwa. Da Litinin ta zagayo na koma. Ba zan yi miki ƙarya ba, na kasa. A duk yinina, daga wankan tsohuwa zuwa girkin gida, wannan ɗan lokacin ne kaɗai nawa. Ba na cutar da kowa. Ki bar ni da shi har sanyin nan ya wuce, daga nan zan san abin yi.

Don Allah mu bar maganar haka. Barka da Kirsimeti tun yanzu.

Salome


Kafanchan
Janairu

Salome,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Mama ta yi ɗan zazzaɓi bayan biki amma ta miƙe.

Na kira ki ranar Kirsimeti kika miƙa wa Bege waya. Na sake kira ba ki ɗauka ba. Tun wasiƙarki ta ƙarshe abinci ba ya yi mini daɗi. "Ba na cutar da kowa." "Ki bar ni da shi." Na karanta wurin nan har na haddace, ina tambayar kaina ko yarinyar da na goya ce ta rubuta.

Na yi miki alkawari zan yi shiru, kuma na karya. Gara ki ji daga bakina. Enoch ya tarar da ni ina kuka a bayan ɗaki, ya matsa, na faɗa masa. Shi kuma ya ce wannan ba maganar mata biyu ba ce, aure ne yake shirin mutuwa, dole manya su shigo tun da sauran gyara. Ya je wajen Yaya Tagwai, wan mijinki. Ya roƙe shi ya bi abin a hankali.

Akwai kuma wani abu. A taron Zumuntar Mata na cocinmu na roƙi a yi addu'a domin wata 'yar'uwa da ke ƙasar waje, wadda gidanta ke cikin gwaji. Ban faɗi suna ba.

Ki ji haushina, na yarda. Gara ki ƙi ni kina cikin gidanki da ki so ni kina waje.

Elisabet


Stapleton
Fabrairu

Yaya Elisabet,

Ina gaisuwa. Muna da rai, muna da lafiyar jiki. Ki gaida Yaya Enoch.

Yaya, littafi ne. Kaleb a cikin littafi yake. Labarin soyayya ne na Turanci, irin ƙananan nan da ake sayarwa a kanti. Wata mata ce ta zauna ta ƙirƙire shi, da igiyarsa da tabonsa. Shi na ƙunsa miki a baƙar leda. Jiya na je na tambayi Shamima, ta riƙe baki. Ashe kayanta sun yi nauyi a filin jirgi, ta cire ƙunshin ta ba mijinta ya dawo da shi, ta manta ta faɗa mini. Har jiya yana bayan kujerar motarsa. Da kika ce ba kya son ganinsa, na zaci bangon kika gani ya ba ki tsoro, don bangon ma abin kunya ne. Na zauna ina kuka a kan azuminki, ina cewa ashe karatun nan ya kai haka muni.

Wasiƙarki ta Janairu ban buɗe ta ba sai da komai ya faru. Na ga ta shigo a waya, na ce faɗa ne, na bar ta. Ga yadda aka yi.

Ranar Asabar da rana ina yanka alayyafo a kicin, Bege ta tafi wajen ƙawarta. Baban Bege ya shigo bai cire rigar sanyi ba, ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana juya makulli a hannu. Can ya ce, "Salome, wane ne Kaleb?"

Na zaci littafin ya gani. Na ce, "Wa ya nuna maka?"

Ya ce, "Ashe akwai shi."

Muryarsa ce ta sa na juyo. Ban taɓa jin ta haka ba, kamar ta tsoho. Ya ce Yaya Tagwai ya kira shi, ya ce a gida an ji matarsa tana bin wani Bature mai hawa duwatsu, wai a jirgin ruwa suke haɗuwa.

Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Da na miƙe na shiga ɗaki, na jawo akwatin da nake ajiye zannuwan gida, na ɗaga zannuwan, na kwaso su duka na zube masa a kan teburin cin abinci. Yaya, da kin ga teburin nan. Maza masu faɗin ƙirji da igiya a kafaɗa, kowanne ya rungumo mace cikin dusar ƙanƙara, wani ma ko riga babu a jikinsa cikin wannan sanyi. Na zaro na Kaleb na tura masa, na ce, "Ga kwarton nan."

Ya ɗauka, ya duba gaba, ya duba baya. Ya buɗe ya ga sunan. Na jira ya yi dariya ko ya yi faɗa, ko wanne ya yi zai fi mini sauƙi. Sai ya rufe fuska da hannu biyu.

Ya ce, "Na bi ki."

Ashe hutu ya ɗauka a wajen aiki bai faɗa mini ba. Ya riƙa shiga jirgi a bayana, hula har kan ido, yana zama can baya yana jiran mutumin ya zo. Ba wanda ya zo. Ya ce, "Na gan ki ke kaɗai kusa da taga, kina karanta Littafin Waƙoƙi kina share hawaye. Na ce tuba take yi. Na ce ashe gaskiya ne."

Da bangon tsohon Littafin Waƙoƙina nake rufe su, Yaya, don kada wani ɗan coci ya gan ni. Wannan ma yanzu ya sani, ke ma kin sani.

Muka zauna kowa yana kallon wani wuri. Shi yana kunyar bin matarsa kamar ɓarawo, ni ina kunyar teburin. Can ya ce, ba da faɗa ba, "To me yake yi miki, mutumin takarda?"

Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba sai ranar. Labaran kusan duk ɗaya ne. Mace ta hau dutse, hadari ya taso, hanya ta ɓace mata, ko ta zame ta faɗa rami ta karya ƙafa. Can ƙasa a cikin gari wani zai duba agogo ya ce, ai wance ba ta dawo ba. Daga nan kowa ya bar abin da yake yi. A fito da karnuka da igiyoyi da jirgi mai saukar ungulu, ana ta kiran sunanta cikin iska. In shugaba ya ce a koma sai gobe, mutum ɗaya zai ce shi kam ba ya komawa. Rungume-rungumen da ke biyo baya, sau da yawa tsallakewa nake yi. Wurin da nake komawa in sake karantawa shi ne inda ake duba agogo.

Na ce masa, "Ka tuna bara, ranar da dusar ƙanƙara ta tsayar da komai?"

Ranar na sauka daga jirgi da yamma na tarar ba bas, wayata kuma ta mutu. Da ƙafa na tako daga tasha har gida, ƙanƙara har gwiwa. Na faɗi a hanya, na tashi, ban ƙara jin yatsun hannuna ba. Ina tafe ina sauri, ina cewa yanzu suna can hankalinsu a tashe, wataƙila ma ya fito nemana mu yi saɓani. Na buɗe ƙofa na tarar da shi yana kallon ƙwallo, Bege kuma ta toshe kunne da waƙa. Ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa. Akwai sauran miyar jiya?"

Ya ce bai tuna ba. Na san ba ƙarya ya yi ba. Ba mugun mutum ba ne, ya saba ne kullum ina dawowa. A makon ne wata abokiyar aiki ta manta da littafinta a gidan tsohuwa, na ɗauka don in kashe lokaci a jirgi.

Ya tashi ya tattara littattafan, ya mayar da su akwati da kansa, ya rufa zannuwan a kai. Alayyafon nan ba a ci shi ba ranar. Tun daga nan muna gaisawa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti.

Ban san abin da zan ce miki ba. Da na rubuta kalma ɗaya tak, littafi, da ba a zo nan ba, wannan laifina ne. Amma ke ma da kin tambaye ni sau ɗaya, mutum ne? Abin da ya fi ci mini rai shi ne ke da kika san ni tun ban iya ɗaura zane ba, kika yarda nan take zan iya. A garinmu kuwa mata nawa ne a ƙasar waje, da har sai kin faɗi suna?

Ki faɗa mini abu ɗaya. Mama ta ji?

Salome


Kafanchan
Afrilu

Salome,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Muna lafiya. Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa na yaga, shi ya sa kika ji ni shiru. Ba rainin wayo ba ne.

Mama ta ji. A kasuwa wata ta tare ta da jaje. Ta daina zuwa sujada, ta ce ƙafa ce, ni kuma na yarda don hakan ya fi mini sauƙi. Ranar da na karanta wasiƙarki na hau mota na tafi Kagoro, na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Ta ce, "Littafi?" Na ce littafi. Ta ce, "Elisabet, ni ban yarda ba tun farko, amma da aka ce daga bakinki ya fito sai na rasa abin riƙewa." Da ta mare ni da ya fi. Ranar Lahadin na kwana can, na riƙe mata jaka muka shiga majami'a tare.

Enoch ya koma wajen Yaya Tagwai. Ya dawo bai ci abinci ba.

A taron Zumuntar Mata na miƙe na ce ina da magana. Na ce 'yar'uwar da na sa aka yi wa addu'a ba ta yi komai ba, ni ce na karanta wasiƙa da mugun ido, na kuma ɗauki sirrin da aka ba ni amana na kawo tsakar taro da sunan addu'a. Na ce in akwai mai bukatar addu'a ni ce. Wasu sun yi dariya da suka ji littafi ne. Wasu sun rungume ni. Amma ba zan ɓoye miki ba, muna fita na ji wata a bayana tana cewa, "Ai dole a ce littafi ne." Na juya na yi mata magana, sai dai na san abin da na zubar ba zan kwashe shi duka ba.

Mijin Shamima ya ba wani matafiyi ƙunshin, ya iso makon jiya. Na buɗe a ɗaki na kulle ƙofa. Na ce bari in ga mutumin da na yi wa azumi. Salome, na ƙone wake har tukunyar ta tashi daga aiki. Da na kai inda matar take kwance cikin ramin, ta daina kira, sai ta ji haushin kare daga sama, na ajiye littafin na fita tsakar gida na tsaya. Na tuna shekarun da nake zuwa da dawowa daga makaranta, ban san ranar da wani ya tambaye ni me ya tsayar da ni ba. Ni kuma ban tsallake komai ba, har wuraren da kika ce kina tsallakewa. Ki haɗa wannan cikin abin da za ki riƙe a kaina.

Ban ce ki yafe yanzu ba. Ki dai rubuto, ko zagi ne.

Yayarki,
Elisabet


Stapleton
Mayu

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya. Sanyi ya tafi, itatuwan titinmu sun yi fure. Na yi waya da Mama, muryarta ta dawo daidai. Na gode da kika raka ta.

Maganar ta iso nan ma, kin san ba ta bukatar biza. Cocinmu na masu jin Hausa a Bronx yake, wajen Tremont, ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ranar Ista muna shiga na ga kawuna suna juyawa. Wata da muke koyar da yara tare ta gaishe ni tana kallon bango. Na so in juya. Baban Bege, wanda tun zuwanmu ƙasar nan a baya yake zama tare da maza kusa da ƙofa, ya karɓi jakata ya wuce gaba, ya zauna a layin farko, ya ajiye jakar a kujerar da ke gefensa. Haka na bi shi. Bai yi wa kowa bayani ba, ni ma ban yi ba. Har yanzu akwai masu kallona, na bar su da kallonsu.

Ke kuma na yafe, amma da saura a zuciyata, ba zan ce babu ba. Ki ba ni lokaci. Tukunyar waken ta taimaka.

Karatun ya ragu. In na buɗe sai in tuna teburin nan, fuskata ta yi zafi. Ko na so ma ba dama, don Baban Bege ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da jirgi ya tashi sai waya ta yi ƙara. "Kin shiga?" Na shiga. Ya yi shiru, in yi shiru, ya kashe. Ba a jima ba, "Kin sauka?" Mutumin da bai iya hira ba ya koyi kira.

Ranar Alhamis 'yar tsohuwar da nake kula da ita ta makara, ban iya barin ta ita kaɗai ba, jirgin da na saba shiga ya tafi ya bar ni. Wayata kuma na manta ta a kan firij ɗinsu. Ba wata makara ba ce, ko rana ba ta faɗi ba. Ina saukowa daga jirgi cikin jama'a sai na ji hayaniya wajen ƙofar fita. Na duba, Baban Bege ne da rigar aikinsa, gumi ya jiƙa shi, ya tare wani mai gadi yana tura masa waya a fuska. Hotona ne, na ranar walimar da Shamima ta yi da ta dawo daga gida, da ƙaton ɗaurin ɗankwali. Yana ta faɗa da Turancinsa, matata ce, ba ta taɓa makara ba, a duba cikin jirgi, a duba ko'ina. Mutane sun tsaya suna kallo. Mai gadin ya ɗago ya gan ni, ya dubi hoton, ya nuna ni da yatsa. Wata mata har da tafi.

Yaya, na so ƙasa ta buɗe. Na ja shi muka fita, na yi masa faɗa tun daga tasha. Na ce ka mai da ni abin kallo, yaro ne ni, ina zan ɓata tsakanin ruwa da gida? Numfashi kawai yake yi kamar wanda ya yi gudu. Bas ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ba wanda ya ce mu hau, muka bar shi ya wuce muka taka da ƙafa.

Wannan kam in kika faɗa wa Zumuntar Mata ba ni ba ke. Faɗan ya ƙare tun a kwanar farko. Hannunsa kuwa ban sake shi ba sai da zai buɗe ƙofa.

Ƙanwarki,
Salome